Waiwaye: Yadda Yamai ta sha gaban Damagaram

Lokacin da Faransawa suka kafa sansani a Yamai a farkon ƙarni na 20, wurin bai wuce 'yan ƙauyukan manoma da masunta a gaɓar kogin Kwara ba. Damagaram kuwa ta daɗe da zama birni, da ganuwarta da fadar sarkinta, ayarin raƙuma na sauka daga Agadas su wuce Kano. Shi ya sa a 1911 Turawan suka mai da mazaunin mulkinsu daga Yamai zuwa Zinder, wato Damagaram.

Zaman bai ɗore ba. A 1926, zamanin gwamna Jules Brévié, aka kwashe ofisoshi aka koma Yamai. Hujjar da aka fi ambata ita ce ƙarancin ruwan sha a Zinder, kuma gaskiya ce, har yau matsalar ba ta rabu da garin ba. Amma akwai wata a ƙasa: Zinder ta fi kusa da Kano nesa ba kusa ba, kilomita kusan 240 kawai, kasuwancinta da zumuncinta duk suna fuskantar ƙasar da ke hannun Ingila. Yamai kuwa ga kogi, ga hanyar Dahomey (Benin ta yanzu) zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Daga nan komai ya bi sawu. A 1960 da aka samu 'yancin kai, mutanen Yamai ba su wuce wajen dubu 30 ba. Sai gadar Kennedy a 1970, wadda ta buɗe unguwar Harobanda a ƙetaren kogi, inda aka gina jami'ar da ake kira Abdou Moumouni yanzu. Kuɗin yuraniyom na shekarun 1970, wanda aka haƙo a Arlit can arewa, a Yamai ya zama benaye da ma'aikatu. Farin 1973 da na 1984 kuma suka koro dubban mutanen karkara, suka yada zango a gefen gari, da yawa ba su koma ba. A ƙidayar 2012 Yamai ta haura mutum miliyan 1, ko an haɗa biranen Maradi da Zinder ba su kamo ta ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, jihohin Zinder da Maradi da Tahoua su ke ɗauke da fiye da rabin al'ummar Nijar. Amma shekara da shekaru, ɗalibin da ya ci jarrabawar bakaloriya ta kammala sakandare a Mirriah ko Magaria sai ya ɗaure tabarma da garin kwaki, ya shiga bas tun asuba, ya shafe kilomita kusan 900 kafin ya ga ƙofar jami'a. Haka mai neman sa hannun minista, haka mara lafiyar da aka ce sai babban likita.

An ɗan fara gyara. A 2010 aka buɗe jami'o'i a Maradi da Tahoua da Zinder, a 2011 matatar mai ta SORAZ ta fara aiki kusa da Zinder. Maradi ma ta riƙe kanta da kasuwancin iyaka da Katsina da Kano. Sai dai a wannan tsakanin Yamai ta samu gada ta biyu a 2011 da ta uku a 2021, unguwanni na ta bazuwa har cikin fadamun da kogi ya mamaye a ambaliyar 2020.