Tsarin Zen a wasan Alto's Adventure

Tsarin Zen wani sashe ne da aka ƙara wa wasan waya na Alto's Adventure a watan Yunin 2016, domin masu buga wasan don samun natsuwa. An ɗauko sunan daga Zen, reshen addinin Buddha da ya kafu a Japan, wanda aka sani da zama shiru da tattara hankali.

Asalin wasan

Kamfanin Snowman da ke Toronto a Kanada, wanda Ryan Cash da Jordan Rosenberg suka kafa, shi ya ƙirƙiri wasan tare da Harry Nesbitt, mai zane kuma mai rubuta manhaja daga Birtaniya. An soma aikin wajajen 2012. Ya fito a wayoyin Apple a watan Fabrairun 2015, sai a Android bayan shekara guda ta hannun kamfanin Noodlecake.

Alto makiyayi ne da dabbobinsa, lama, dangin raƙumi, suka tsere masa, sai ya hau allon zamiya ya bi su gangaren duwatsu masu dusar ƙanƙara. Da yatsa ɗaya ake sarrafa shi: a taɓa allon waya ya yi tsalle, a danne ya yi alkafura. Rana na faɗuwa, dare ya yi, ruwa ya sauko da tsawa, gari ya sake wayewa, shi kuwa yana ta gangarawa ta ƙauyuka da dazuzzuka. Amma dutse ɗaya ko rami ɗaya ya isa ya kawo ƙarshen zagaye, kuma akwai maki da tsabar kuɗi da ayyuka 180 da ake son a cika.

Sauyin 2016

Masu wasan ne suka nuna hanya. Kamfanin ya bayyana cewa saƙonni sun riƙa zuwa daga mutanen da ke buɗe wasan don rage damuwa da fargaba, ba su damu da maki ba. Ga irin wannan mutum, faɗuwar da ke tsayar da komai ita ce ke katse masa natsuwar da ya zo nema.

Gyaran da aka yi ragi ne kusan gaba ɗaya, kuma nan hikimarsa take. An cire maki, an cire tsabar kuɗi da kayan ƙarin ƙarfi, an share rubutun da ke kan allo. In Alto ya ci karo da dutse, sai a taɓa allo ya miƙe ya ci gaba daga nan. Torin Borrowdale ya tsara wa sashen kiɗa mai sanyi na musamman, wanda ya fi daɗi in an sa abin sauraro a kunne. A sabuntawar kuma aka kawo damar tsayar da wasa a ɗauki hoton wurin. Tsohon tsarin gasa na nan yadda yake.

Bayan haka

Alto's Odyssey, wanda ya mai da labarin cikin hamada, ya fito a 2018 ɗauke da tsarin Zen.

Ra'ayi ya bambanta kan ko irin wannan wasa ya kai a kira shi horon natsuwa na gaske ko hutu ne kawai.