Me ya sa Bayahude ba ya cin girkin wanda ba Bayahude ba?

Da gaske ne akwai wannan dokar?

Akwai, ana kiranta bishul akum, wato girkin masu bautar gumaka. Ba ta cikin Attaura, malamansu na dā ne suka kafa ta, tana kuma cikin Talmud, kundin karantarwar malaman nasu, a babin Aboda Zara. Ko da naman yankansu ne, tukunyar tasu ce, idan wani bare ya dafa abincin tun daga kunna wuta har saukewa, Bayahude mai riƙo da addini ba zai ci ba.

To ƙyamar mutane ce ke nan?

Babban dalilin da malamansu suka bayar shi ne aure. Cin tuwon juna yana kawo shaƙuwa, shaƙuwa kuma takan kai ga auratayya, abin da ƙaramar al'umma da ke warwatse cikin wasu take tsoron zai narkar da ita. Rashi, malamin Faransa na ƙarni na 11, ya ƙara da fargabar a cusa musu abin da ya haramta. Ni dai na fi gamsuwa da dalilin farko, domin sharuɗɗan dokar shi suke nunawa.

Waɗanne sharuɗɗa?

Biyu ne. Abin da ake iya ci ɗanye, kamar tuffa ko karas, ba ya shiga ciki ko an dafa shi. Sannan dole abincin ya zama irin wanda ya cancanci teburin sarakuna, wato na karrama baƙo, domin a kan irinsa ake gayyato mutum gida har zumunci ya ƙullu. Nama da ƙwai da shinkafa sun shiga. Jiƙa abu a gishiri ko ruwan tsami ba a ɗauke shi girki ba.

Yaya gidajen abincinsu suke yi da kukun da ba Yahudawa ba?

Bayahude ya sa hannu a girkin, shi ke nan. Sai dai an saɓa kan iyakar sa hannun. Yusuf Karo, mai littafin dokokin addininsu Shulhan Aruk da aka buga a Benis ta Italiya a 1565, ya ce sai Bayahude ya ɗora tukunyar a wuta, kuma Yahudawan Sefardi, masu asali daga Sifen, shi suke bi. Musa Isserles na Karako a Folan ya ce kunna wutar kaɗai ya wadatar, a kan haka Ashkenazi, Yahudawa masu asali daga tsakiya da gabashin Turai, suke. Shi ya sa mai sa ido kan kosha, wato halaccin abinci a addininsu, yakan kunna murhu da safe, kuku ya ci gaba da aikinsa.

Musulmi ma dokar ta shafe shi?

Ta shafe shi. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa da ya zauna a Masar, ya tabbatar cewa Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne, amma tunda abin da ake karewa aure ne, ba a cire girkinsu ba. A nan aka bambanta da Musulunci, inda aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi.