Dusa Kaɗai Ba Ta Ƙosar da Kaza

A gidaje da yawa a Gombe, an ɗauka kazar gida dusa da tsaba sun ishe ta, tunda abinci ne na gargajiya, babu sinadari a ciki. Wannan fahimta ce ke sa kaza ta yi ƙwai kaɗan ta tsaya.

Masara ba ta wuce kashi 8 zuwa 9 cikin 100 na furotin (sinadarin gina jiki) ba, alhali kaza mai ƙwai tana bukatar kusan kashi 16. A da ƙwari da gara da ciyawa ke cike giɓin, amma kazar da aka killace a tsakar gida mai siminti ina za ta same su? Dole a haɗa mata da tunkuza ko waken suya, kuma a gasa waken tukuna, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci. A ƙara dakakken ƙashi ko busasshen ɓawon ƙwai saboda ƙarfin ɓawo.

Abin da ya fi damuna shi ne ruɓaɓɓiyar masarar da ake saya da arha a kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe, wai ai ta kaji ce. Fumfunar tana haifar da gubar aflatoksin, mai lalata hantar kaza.