Ba kowace ƙwayar bakteriya ce ke cutar da jariri ba

An daɗe ana cewa duk wata ƙwayar bakteriya da ke cikin hanjin jariri cuta ce. Shi ya sa a unguwannin Gombe da yawa, yaro na fara zawo sai a ruga kemis neman antibayotik, wato maganin kashe bakteriya. Tausayin uwa ne ke jawo haka.

Amma hanjin jariri mai shan nono cike yake da ƙwayoyi masu amfani, musamman Bifidobacterium. Nonon uwa yana ɗauke da wani irin sukari da jariri ba ya iya narkarwa, abincin waɗannan ƙwayoyi ne. Idan suka ci, sai su fitar da sinadari mai tsami da ke hana miyagun ƙwayoyi irin su Salmonella sakewa. Antibayotik kuwa ba ya tantancewa, har masu amfanin yake kashewa. Yawancin zawon yara ƙwayar bairos ce, wadda wannan magani ba ya taɓawa.

Abin da ya dace: nono zalla har wata 6, dakashi ma kada a zubar. In zawo ya zo, a ba shi ruwan gishiri da sukari, da kuma maganin zinki. In da jini a kashi, a tafi asibiti nan take.

A tambayi ma'aikaciyar jinya ranar rigakafi don a tabbatar. Don Allah ku tura wa iyaye mata wannan bayani.