Gyaran ƙwayar halitta ga yaran da jikinsu ba ya sarrafa abinci

Wace irin cuta ce?

Gado ce. Ƙwayar halitta ɗaya ke lalacewa, sai jiki ya kasa ƙera sinadarin da ke narkar da wani ɓangare na abinci, abin ya taru ya zama guba. Misali amoniya, gubar da ke fitowa idan jiki ya sarrafa furotin, idan hanta ta kasa kawar da ita: jariri ya fito lafiya ƙalau, kwana biyu ko uku sai ya ƙi nono, ga amai, barci mai nauyi da jijjiga. A gida a ce iska ce.

Yawanci uwa da uba duk suna ɗauke da ita ba su sani ba, shi ya sa ta fi fitowa a auren zumunci. Kowane ciki, haɗarin ɗaya ne cikin huɗu. Gwajin jinotayif da ake yi kafin aure a Kano sikila yake nema, ba ya ganin waɗannan.

Yaya ake gyaran?

Ko dai a ɗora lafiyayyar ƙwayar halitta a cikin bairas da aka raunana, a saka ta ƙarin ruwa ta isa hanta, ko a ɗebi ƙwayoyin ɓargon yaron a gyara, a share ɓargon da maganin busulfan, sannan a mayar. Hanya ta biyun ce ta Lenmeldy, maganin MLD (cutar gado mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi) da Amurka ta amince da shi a 2024, kan dala miliyan 4.25. A 2025, a asibitin yara na Filadelfiya, an haɗa wa jariri ɗaya mai matsalar amoniya nasa maganin da dabarar CRISPR, mai gyara ƙwayar halittar da ta lalace a inda take, cikin kusan wata shida.

Ina matsalar take?

Garkuwar jiki na iya far wa bairas ɗin. Haka wani matashi ɗan shekara 18 ya rasu a gwajin Jami'ar Fensilbeniya a 1999. Hantar yaro tana girma, maganin ya tsinke, kuma da wuya a maimaita domin jiki ya riga ya gane bairas ɗin. Busulfan na iya hana haihuwa. Babbar matsalar dai, abin da ya lalace a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa, don haka Lenmeldy sai kafin alamu su yi nisa.

Ana yi a Kano?

A'a. Amma jaririn da ya nuna alamun nan a garzaya da shi babban asibiti, kamar na Malam Aminu Kano, a faɗa wa likita idan iyayen 'yan uwa ne, ko an taɓa rasa jariri haka. Jinin gwajin amoniya a kan ƙanƙara ake kai shi, cikin minti 30, in ba haka ba sakamakon zai hau na ƙarya. Dakatar da nono a sa ruwan gulukos hukuncin likita ne, kuma ba ya wuce kwana biyu.