Waiwaye: Asalin ja-in-ja kan tiyatar jijiyoyin hannu

Har gobe likitoci ba su sasanta ba: jaririn da hannunsa ya shanye wurin haihuwa, a yi masa tiyata yana wata uku, ko a jira wata shida a ga abin da hali zai yi? Haka ma wanda ya faɗi a babur kafaɗarsa ta daki ƙasa, jijiyoyin kai saƙo da suka taso daga wuya suka sauka hannu suka tsinke. Wannan gardama ba yau ta fara ba.

Tun 1874 Erb, likita Bajamushe, ya bayyana ciwon. A 1903 wani likita mai suna Kennedy ya ɗinke jijiyoyin jarirai a Glasgow. Sakamakon irin wannan aiki bai gamsar ba, aka yi watsi da shi shekara da shekaru, har ta kai wasu manya ana ba su shawarar yanke hannun.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne dalilin gazawar. A da, idan jijiya ta tsinke, janyo bakunan biyu ake yi da ƙarfi a haɗa, a karkato wuya zuwa kafaɗa, a ɗaure da filasta. Ranar da aka kwance, ɗinkin ya ɗame, tabo ya toshe hanya. Daga shekarun 1960 Hanno Millesi na Ostiriya ya nuna cewa ɗamewar nan ita ce matsalar. Sai ya riƙa ciro siririyar jijiya daga bayan ƙwauri, ya yayyanka, ya shimfiɗa ta gada tsakanin bakunan a sake, yana ɗinki a ƙarƙashin madubin likita da zaren da ya fi gashi siranta. Wuri biyu jijiyar za ta tsallaka maimakon ɗaya, amma ta fi tsirowa. A ganina nan lissafi ya sauya, sai dai ɗabi'ar "a dakata tukuna", wadda aka gada daga zamanin gazawa, ba ta sauya da shi ba.

Bayan nan likita Gilbert a Faransa ya kawo ma'aunin wata uku, wato a yi wa jariri tiyata idan ya kai wata uku tsokar damtsensa ba ta fara aiki ba, Oberlin kuma a 1994 ya aro reshen lafiyayyar jijiya ya jona wa tsokar damtse.

Matsalar jira ita ce, jijiya kamar milimita ɗaya take tsirowa a yini, alhali tsokar da ta shekara ɗaya da rabi ba saƙo da wuya ta sake amsawa. Daga wuya zuwa yatsun babban mutum kuwa tafiyar ta haura shekara.