Tiyatar Faɗaɗa Ƙofar Kunne

Tiyatar faɗaɗa ƙofar kunne, wadda likitoci ke kira miyatofilasti, aiki ne na buɗe bakin ramin kunne don iska ta shiga, likita kuma ya iya ganin ciki. Tsawon ramin kunnen baligi kusan santimita 2.5 ne. Sulusinsa na waje guringuntsi ne, sauran ƙashi. Guringuntsin ke ba da wahala, domin ko an ture shi komawa yake yi, sai an yanke wani sashe.

Galibi tare da aikin ƙashin bayan kunne ake yin ta. Idan kolestiyatoma, wato tarin matacciyar fata mai cin ƙashi a bayan dodon kunne, ta yi nisa, likita kan rushe bangon baya na ramin, ya haɗe shi da kogon da ya rarake. Babban ɗaki mai ƙaramar ƙofa ba ya shan iska: danshi zai zauna, datti ya taru, mugunya ta dawo ko da aikin ƙashin ya yi kyau. Shi ya sa ake auna ƙofar da girman kogon, ba da kyan gani ba, ko da yake marasa lafiya ba su cika son ganin ramin ya yi faɗi ba.

A hanyar Körner, likitan Jamus, ana tsaga biyu, sama da ƙasa, daga cikin ramin zuwa kwarin fatar kunne, a cire guringuntsin da ke ƙarƙashi, a naɗe fatar baya ta rufe gefen kogon. Ta Portmann na Faransa kashi uku take raba fatar. A 1996 wani likita mai suna Mirck ya bayyana tsaga mai siffar harafin M, don masu tsukakken bakin kunne da ke yawan kumbura. A wannan hanya ta Mirck, allurar da ke kashe zafi a wurin aikin kaɗai takan wadatar.

Bayan aiki ana cusa bandeji mai magani har fatar ta kama. Abin gudu shi ne sake tsukewa, ƙwayar cuta ta kama guringuntsi, da tabo mai tudu, wanda ya fi samun baƙar fata.

A Katsina, masu ciwon kunne mai zubar da ruwa kan je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya, wasu kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda aka yi wa aikin zai kiyaye ruwa wajen wanka da alwala, da ƙurar hunturu, ya bar sosa kunne da gashin kaza ko tsinken ashana, ya riƙa komawa asibiti ana share kogon.